Wanda Ya Koya Mini Zama Da Hannu Ɗaya

An haife ni a hanya, a wani ƙauye na Sudan inda iyayena suka tsaya noman auduga don su sami guzurin ƙarasowa Makka. Ƙasar Hausa a bakin mahaifiyata kawai na san ta. Na yi wayo a Jarwal, wata unguwa a Makka, cikin ɗakunan gwangwani da buhu da mutanenmu suka kakkafa a jikin dutse, kuma a nan na yi aure bayan iyayena sun rasu. Sana'ata dako. Ina da ƙarfi a lokacin, buhun shinkafa ba ya sa ni nishi, kuma 'yan kasuwa sun san ni da cewa abin da aka ɗora mini yana isa inda aka ce.

Abin ya same ni 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin duniya, lokacin da alhazai suka dawo da yawa, manyan motoci kuma suka fara ƙwace wa raƙuma aiki. Ana gab da hawan Arfa wani mai hayar tantuna ya ɗauke mu, mu 'yan dako, mu je Mina mu sauke kaya. Motar ta tsaya a wani lungu mai gangare. Ina bayanta ina kwance igiya, hannuna na dama a jikin katangar wani gida, sai na ji ta motsa. Direban ya sauka shan ruwa bai sa mata dutse a ƙafa ba. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga mutane sun taru suna tura motar gaba, na kuma ga wani abu a jikin katangar wanda ban gane cewa hannuna ne ba.

A asibitin gwamnati likita ya duba, ya ce babu ƙashin da ya rage da za a ɗora. Ya yanke daga wuyan hannu. Ranar da mutane suke tsaye a Arfa ina kwance ina zazzaɓi, ina jin yatsun da babu su suna yi mini ƙaiƙayi. Matata tana da tsohon ciki a lokacin. Kullum takan zo da kunu a kwano, ta zauna nesa kaɗan da gadon, ta yi ta ba ni labarin maƙwabta, ba ta taɓa kallon gefen daman nawa ba. Daga baya ta gaya mini cewa a bakin ƙofar asibitin take tsayawa ta gama kukanta kafin ta shigo.

Da na sami sauƙi, mai unguwarmu, wani dattijo da ke shiga gaba idan ɗan Takari, wato baƙar fata irinmu, yana da magana da hukuma, ya ce mini ya ji akwai dokar da sarki ya kafa, wadda ta ce idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki sai wanda ya ɗauke shi ya biya shi. Muka je ofishin da aka kwatanta mana. Magatakardan ya saurare mu da kyau, har ya sa aka kawo mana shayi. Ya tambaye ni sunan kamfanin da nake wa aiki. Na ce ba ni da kamfani, wanda ya kira ni da safe shi ne ubangidana har yamma. Ya ce dokar tana nan, amma an yi ta ne don masu aiki a manyan ma'aikatu, irin na masu haƙar mai a gabas. Ɗan dako na yini bai shiga ciki ba. Ya ba mu shawara mu je gaban alƙali, don shari'a ta san darajar hannu ko na wane ne.

Alƙali kuwa bai ɓata lokaci ba. Waɗanda muka yi aiki tare suka ba da shaida, direban bai musa ba. Mai tantunan ya rantse cewa hayar motar kawai ya yi, mai motar kuma ya ce shi bai umarci kowa ya bar ta a gangare ba. Nauyi ya faɗa kan direba. Aka yanke cewa kuskure ne, ba ganganci ba, kuma hannu ɗaya rabin diyyar rai ne. Direban saurayi ne siriri, ɗan wani ƙauye na kudu, ba shi da dangi a Makka sai uwarsa. Da aka faɗi abin da zai biya, sai ya yi wata 'yar dariya, irin ta wanda aka ce ya ɗauki dutse. Aka mayar da shi kurkuku har sai ya biya ko na yafe.

Watanni suka wuce. Matata ta haihu, mace. Gyaɗar da take soyawa tana sayarwa a bakin titi ita ce abincinmu, da abin da maƙwabta suke turowa. Uwar direban ta gano gidanmu. Ba ta jin Hausa, Larabcinta ma na ƙauye ne mai wuyar ganewa. Takan zo da hantsi ta zauna a ƙofa, ba ta roƙo, sai idan matata ta fito da jaririya ta miƙa hannu ta karɓe ta. Wata rana ta kwance bakin mayafinta ta ajiye mini awarwaron azurfa da 'yan riyaloli, ta ce iyakar abin da ta iya haɗawa ke nan.

Na je kurkukun na ga direban. Ya rame, kansa duk ƙuraje. Da ya ga dungun hannuna sai ya juya fuska bango. Na tsaya ina kallonsa, ina neman fushin da na kwana da shi watanni, na rasa inda ya shiga. Abin da na gani kawai shi ne zamansa a nan ba zai sa wa 'yata nono a baki ba. Na koma gaban alƙali na ce na karɓi abin da uwarsa ta kawo, sauran na yafe. Alƙalin ya tambaye ni ko wani ya tilasta mini, na ce a'a.

Matata ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce, "Malam, hannunka ne, kai ka san abin da ka yafe." Amma ta daɗe ba ta yi mini hira irin ta da ba. Azurfar ta kai mu ƙarshen wannan shekara.

A nan shari'a ta gama da ni. An faɗi abin da hannuna ya kai, an rufe magana. Babu wanda ya gaya mini yadda zan ɗaure tazugen wandona da safe. Matata ce take ɗaure mini, ita take zuba mini ruwan alwala, ita take yanke mini farce. Idan ta fita talla sai in zauna ina jiran ta kamar yaron goye. Abinci kuwa na daina ci a gaban mutane, don tun ina ƙarami aka hana ni kai hagu baki, ga shi yanzu ita ce komai nawa, ta tsarki da ta tuwo.

Akwai abin da ya fi wannan, wanda ban yi tunaninsa ba sai da na fara fita. Inda likita ya yanke mini daidai yake da inda ake yanke wa ɓarawo, kuma hannun dama ne. A Jarwal kowa ya san labarina. Da zarar na wuce unguwa, ni wani mutum ne daban. Na shiga kasuwa neman ko aikin gadi ne, mai kanti ya dubi hannun rigata, ya jawo akwatin kuɗinsa kusa da cinyarsa, ya ce Allah ya buɗa. A Masallacin Harami na zauna kusa da wani baƙon alhaji, sai na ga ya ɗauke takalmansa ya mayar ɗaya gefen. Yara sukan biyo ni suna kirana ɓarawo da Larabci. Da farko ina tsayawa in yi bayani, in ce mota ce, in ce Mina, in ce akwai shaidu. Sai na lura mutum yana gyaɗa kai ne kawai, idonsa yana kan aljihunsa. Na daina bayani, daga baya na daina fita.

Akwai wani tsoho ɗan ga-ruwa da ke zaune can ƙarshen unguwa, sama da kowa a jikin dutsen. Basakkwace ne. Shi an yanke masa hannu da gaske, a bainar jama'a, a shekarun yaƙi lokacin da alhazai suka ɗauke ƙafa, yunwa ta shiga gidaje. Kowa ya san shi, ana amsa masa sallama, amma ba a kiransa suna ko ɗaurin aure, kuma ba a barinsa ya shiga da ruwa cikin gida. Magina yake kai wa ruwan kwaɓa, da masu jakuna. Ni ma a da sallama ce kawai tsakaninmu.

Wata rana da azahar matata ba ta dawo ba. Na fito ƙofar gida da buta ina ƙoƙarin yin alwala, na matse ta da gwiwa, ta suɓuce ta kife. Ruwan da aka saya da kuɗin gyaɗa ya bi ƙasa. Na zauna ina kallonsa yana shigewa cikin yashi. Ashe tsohon yana tsaye da garewaninsa a kafaɗa. Ya sauke su, ya ɗauki butar, ya cika ta da nasa ruwan, ya tsuguna kusa da ni.

"Ba da gwiwa ake yi ba, yaro," in ji shi. "Da ƙafa ake yi. Duba nan."

Ya ajiye butar a kan dutse, ya sa babban yatsan ƙafarsa a hannunta, ya karkata ta a hankali, ruwa ya zubo siriri cikin tafin hagunsa. Ya wanke fuska, ya wanke dungunsa har gwiwar hannu, sannan ya zuba ruwa a damtsen hagu ya goga shi da dungun. Ya ce in gwada. Na gwada na zubar, ya sake cikawa. Bai tafi ba sai da na yi alwala cikakkiya ni kaɗai, karo na farko tun ranar Mina.

Daga ranar yakan biyo bayan la'asar. Ya koya mini ɗaure tazuge da haƙori da yatsu biyu. Ya koya mini yadda ake naɗa rawani a jingina ƙarshensa da kafaɗa, da yadda ake yanke farce a danne wuƙa da ƙafa. Ya kawo mini cokalin itace da ya sassaƙa da kansa, ya ce ya taɓa tambayar wani malami a masallaci a kan ci da hagu, malamin ya ce wanda ba shi da dama babu laifi a kansa, amma shi dai ya ga cokali ya fi kwantar masa da rai. Ya kai ni wurin wani baduku da ya ɗinka mini kube na fata mai laushin ciki, wanda ake sa wa dungun don a iya tokara kaya da shi ba tare da fatar ta tsage ba. Ya ce zafin yatsun da babu su ba aljanu ba ne, shi ma ya yi fama da shi, yana raguwa amma ba ya tafiya duka.

Bai taɓa ɓoye abin da ya yi ba, bai kuma ƙawata shi ba. Sau ɗaya ya ba ni labarin. Ya ce ya fasa ma'ajin wani ɗan kasuwa ya ɗauki hatsi, ya koma ya sake ɗauka har ya sayar, aka kama shi, ya amsa. Ya ce bayan an yanke aka tsoma dungun a tafasasshen mai, aka ɗaure, aka ce ya tafi gida, hukunci ya wanke shi. Matarsa ta koma wurin danginta da ɗansu, suka bi jirgi suka tafi. Ya ce shekara guda ya yi yana koyon abin da yake nuna mini a wata ɗaya, don shi bai sami wanda zai nuna masa ba.

Shi ya sa ni a sana'ar ruwa. Sanda ce a kafaɗa da garwa biyu a rataye, ya ce aikin kafaɗa ne da ƙugu, hannu ɗaya ya isa riƙe sandar. Ya ba ni aron tsohuwar sandarsa, muka riƙa zuwa bazan tare, wato inda 'yan ga-ruwa ke layin ɗiba. Ya nuna mini yadda ake tafiya da ɗan rangaji don kada ruwan ya fantsale, da inda ake tsayawa a canza kafaɗa a hawan dutse. Matan Jarwal suka fara kirana, wasu don tausayi, wasu don sun san mahaifiyata. Ranar da na fara kawo wa matata kuɗin cefane na guminna, ta karɓa ta juya baya tana gyaran murhu, ta daɗe a sunkuye. Tun daga ranar duk abin da ta dafa sai ta zuba na tsohon a kwano ta ce in kai masa. Ita ta fara kiransa Baba, ni ma na bi.

Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Mutum biyu masu dungun dama suna tafe tare, duk wanda bai san mu ba ya gama yanke hukunci. Wani gidan Larabawa da na samu a bakin unguwa, wanda yake sayen ruwa da yawa, suka ce kada in sake zuwa, don mai gidan ya gan mu tare a bazan. Mai unguwa ya kira ni gefe bayan sallar Juma'a. Ya ce ba ya hana ni zumunci, amma in tuna ina da 'ya mace, wata rana za a zo tambayar asalinta, kuma mutane ba sa riƙe dogon bayani. Na ce masa na ji. Washegari na tafi bazan kamar kullum, na tsaya inda muke haɗuwa.

Baba bai zo ba. Da na tambaya aka ce ya koma ɗiba a wani bazan mai nisa, ta wajen masu jakuna. Ashe maganar ta kai masa. Na hau dutsen da yamma da kwanon tuwo, na same shi a ƙofar ɗakinsa yana facin garwa. Na ce masa ni ban ce ya guje ni ba, kuma ba wanda zai raba ni da shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Ni na san abin da na yi, kuma na biya. Kai ba ka yi komai ba. Ba zan bari ka biya tare da ni ba. Tuwo dai ka ci gaba da kawowa, don matarka ta iya miya."

Na yi ta jayayya da shi, bai canza ba. Haka muka zauna shekaru. A titi idan muka haɗu sai ya yi sallama ya wuce kamar kowa. A gidansa kuwa nakan zauna mu yi hira har rana ta faɗi. Yakan tambayi 'yata, da ta fara tafiya nakan hau da ita, yana yi mata 'yan jiragen ruwa da gwangwanin kifi. Wani lokaci yakan yi maganar ɗansa, yana lissafin cewa yanzu ya isa aure, yana cewa mai yiwuwa an gaya masa ubansa ya mutu a hanya, kuma hakan ya fi. Duk shekara idan alhazan ƙasar Hausa suka sauka, yakan je ya tsaya nesa da masaukinsu yana kallon samari, ba ya tambayar kowa komai.

Shekarar da aikin hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, ya tafi Mina sayar da ruwa, don a kwanakin nan baƙi ba sa duba hannun mai ba su sha. Ya dawo da ciwon kai da zazzaɓi. Na ce mu je asibiti, ya ƙi, ya ce rana ce kawai ta taɓa shi. Matata ta hau da kanta ta dama masa kunu, ta jiƙa tsumma tana sa masa a goshi. Ni na riƙa karkata masa buta da ƙafata yana alwala a kwance. Bai yi mako ba. Na hau da safe na same shi ya juya fuska alƙibla, ya riga ya yi sanyi.

Yi masa wanka ya gagare ni da hannu ɗaya. Na je wurin mai unguwa, ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga ya yi, ina zuba masa ruwa. Da ya zo kan dungun sai ya ɗan tsaya, sannan ya wanke shi a hankali kamar sauran jiki. Matata ta ba da farin yadin da take ajiya muka yi likkafani.

Mu kaɗan ne muka sauko da shi daga dutsen, da ƙyar muka cika kusurwoyin makara. Na sa kafaɗata ta hagu a gaba. Da muka fito babban titi muka nufi Masallacin Harami, sai mutane suka fara shigowa, kamar yadda ake yi wa kowace gawa a Makka. Mai kanti ya bar kantinsa ya ɗauka 'yan taku ya ba wani, alhazan da ba su riga sun koma gida ba suka yi ta rige-rigen sa kafaɗa, Turkawa da Indiyawa da mutanen Jawa. Aka ture ni baya har na rasa wurin riƙewa, na bi su ina kallon makarar tana tafiya a saman kawuna. Bayan azahar aka yi masa salla, masallaci cike, aka kai shi maƙabarta.

Da na koma ɗakinsa don in rufe, babu abin da ya bari sai tabarma, buta, garewani biyu da sanda. Mai unguwa ya ce a ba wa duk wanda zai amfana. Na tambayi alhazan Sakkwato da suka rage ko wani ya san danginsa, na faɗi sunan garinsu da na ubansa, babu wanda ya sani. Shekara ta zagayo na sake tambaya, da wadda ta biyo ta, har na bari.

Na ci gaba da ga-ruwa har famfo ya shigo Jarwal, sannan na koma tsaron ƙofar wata makaranta. A can na koyi rubutu da hagu, ina kallon allon yara ta taga. 'Yata ta yi aure a unguwar, ba wanda ya tambayi komai a kan hannuna. Ita ba ta tuna Baba sosai, ta ce dai tana tuna wani tsoho mai warin gwangwanin kifi da yake ɗaga ta sama da hannu ɗaya. Ɗakin nasa ruwan sama ya rushe shi a shekara ta biyu, daga baya aka fasa wannan gefen dutsen aka yi gini.